Naman Layya a Kwanakin Jira

Shekarar da Babbar Sallah ta faɗo a tsakiyar Jira, duk ƙauyen Gidan Manu ba wanda abin ya hana sukuni sai Inna Mero. Jira shi ne sunan da mutanen ƙauyen suka sa wa makonnin nan na kafin Kirsimeti, waɗanda littafin addu'a yake kira Lokacin Zuwa. Ƙauyen ɗan ƙarami ne, yana gabas da Maruta a ƙasar Gwaram. Ban da gidaje da rumbuna ba abin da ke cikinsa sai coci guda na jar ƙasa mai rufin ciyawa, da wata tsamiya a ƙofarsa wadda aka rataya wa tsohon ƙarfen tayar mota a madadin ƙararrawa.

Manu, mijin Mero, shi ya gina cocin, shi ya kuma kafa dokar da ƙauyen ke taƙama da ita. Shi da Mero duk a gidan Maguzawa aka haife su, inda in an yi girbi ba mai sa sabon hatsi a baki sai maigida ya yi yanka ya buɗe. Da Manu ya karɓi bishara ya bar tsafi, amma wannan tunanin ya biyo shi har cikin coci. Ya ce bikin da ba a yi masa yunwa ba ba biki ba ne. Don haka daga Lahadin da aka kunna kyandir na farko har safiyar Kirsimeti, nama ba zai shiga bakin ɗan coci ba, ko da na gafiya ne. Wanda ya karya, ranar Kirsimeti a bakin ƙofa zai zauna, in Fada, limamin coci, ya zo daga Kano yana raba Jibin Ubangiji, gurasar nan mai tsarki, shi sai kallo. Fadan Bature ne, jefi-jefi yake zuwa, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da addu'a ba, kuma bai taɓa tambayar abin da ya sa wasu ke zama a ƙofa ba. Wataƙila ya ɗauka iska suke sha.

Da Manu ya rasu, ƙanensa Ɗanbala ne ya gaji jan addu'a ranar Lahadi, amma dokar Mero ce ta gaje ta, ta kuma riƙe ta fiye da mai ita. Allah ya ba ta hanci. Tana zaune a tsakar gida tana tankaɗe sai ta ɗaga kai ta ce wani ya ɗora kitse a wuta, kuma ba a taɓa kama ta da kuskure ba. Wata shekara shaho ya fyauci kazar wata mata mai suna Azumi, ya yar da ita tana shure-shure. Azumi ta sa aka yanka kafin ta mutu a banza, ta dafa wa 'ya'yanta, ta ɗanɗana romon don ta ji ko gishiri ya ji. Mero ta bi ƙamshi har bakin murhu. An roƙe ta, Ɗanbala ma ya ce a duba lamarin, ta ce doka ba ta san ɗanɗano ba. Azumi ta yi Kirsimetinta a bakin ƙofa da goyo a baya, kuma tun daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa su.

Mero tana da wa guda, uwa ɗaya uba ɗaya, su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Datti aka raɗa masa. Bayan an samu mulkin kai, lokacin da masu wa'azi suka yi ta shiga ƙauyukan Maguzawa kowa da kiransa, Datti ya musulunta ya zama Abdulsalami, ya koma cikin Gwaram yana awon hatsi a kasuwa, ita kuma ta bi mijinta coci. Ba a yi faɗa ba, ba a yi zage-zage ba. Abin da ya faru ƙarami ne. Zuwansa na farko bayan ya musulunta, ta tarbe shi da ruwa a ƙwarya, ya kai ƙwaryar kusa da baki, ya shinshina, ya ajiye ta a hankali ya ce alhamdulillahi. A lokacin Mero tana dafa burkutu, ƙwarya kuwa ba ta manta abin da aka taɓa zuba mata. Ta daɗe da barin giyar, tukwanen ma ta fasa su, amma shi bai tambaya ba, ita ba ta faɗa ba. Yakan zo gaisuwar mutuwa ko barka, ya zauna a waje, a kawo abinci ya ce a ƙoshe yake. Mutumin da suka tashi suna wawason kwano ɗaya, yau sama da shekara goma bai ci lomar gidanta ba. Abin yana ci mata rai, ba ta kuma taɓa gaya wa kowa ba.

Ana dab da shiga Jira ta kai daddawa kasuwar Gwaram, ta haɗu da Batulu, matar yayan nata. Batulu ta ja ta gefe ta ce ɗansu da ke tuƙin tifa a Kano, wurin masu aikin titi, ya aiko wa ubansa da rago. Shekarun nan ne da arzikin mai ya fara yawo, samarin da suka tafi birni da taguwa ɗaya suna dawowa da rediyo a kafaɗa. Abdulsalami bai taɓa samun halin yin layya ba tun da ya musulunta, sai bana.

"Ya ce in gaya miki," in ji Batulu, "rabonki ba aike zai yi ba. Da ƙafarsa zai kawo."

Mero ta yi murna har ta kusa bayar da sauran daddawar kyauta. Sai da ta kama hanyar gida, ta haye rafi, sannan ta tuna inda wata ya kwana. Sallar a tsakiyar Jira za ta faɗo. A gidansu kuma in babba ya kawo nama da hannunsa ba a cewa an gode a kai ɗaka, sai an ɗauki tsoka an ci a gabansa, haka uwarsu ta koya musu. In ta ƙi ci, ta rama masa abin da ya yi wa ƙwaryarta ke nan, kuma ta san halin Datti: ba zai ce uffan ba, ba zai kuma sake zuwa ba. In ta ci, mai dokar barci ta ɓuge da gyangyaɗi, a gaban Azumi. Ta sauke kwandonta ta zauna a bakin hanya, har masu jakuna da ta bari a kasuwa suka zo suka wuce ta.

Lahadin farko ta Jira aka yi komai yadda aka saba. Ɗanbala ya buga ƙarfe, maza suka zauna dama, mata hagu. Aka shimfiɗa ƙyallen Jira a kan tebur, aka kafa kyandirori a kaskon yashi da aka kewaye da ganyen darbejiya, aka kunna ɗaya. Aka rataye ganga a jikin bango, don ba a kiɗa sai ranar biki, aka yi waƙa da baki zalla. Bayan karatu Mero ta miƙe, kamar kowace shekara, ta tuna wa jama'a dokar Manu. Da can takan ja maganar har yara su fara hamma, har ta kawo misalai ba tare da ta kama suna ba. Ranar a taƙaice ta yi ta zauna, har Ɗanbala ya tambaye ta bayan an tashi ko jikin ne.

Cikin makon ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta hau motar kasuwa zuwa Birnin Kudu ita kaɗai, ta ce wa mutane kyandir za ta sayo. A can akwai katikis, wato mai koyar da addini, Malam Iliyasu, wanda Fada ya ɗora a kan duk 'yan cocin yankin. Cocinsa ɗaki ne mai rufin kwano a bayan tasha, inda ma'aikatan gwamnati da malaman makaranta da baƙin 'yan kasuwa suke taruwa. Niyyarta ta roƙe shi a asirce ya ɗage mata dokar na yini guda, ta ci naman yayanta da izini.

Tun daga zaure hancinta ya gaya mata abin da ba ta so ji ba. Matar Malam tana tsakar gida tana juya miya, ƙashin akuya yana leƙowa daga tukunya ba ko kunya. Aka yi mata shimfiɗa, aka gaisa, aka kawo mata tuwo da tsoka a kai. Mero ta ture kwanon da bayan hannu, ta tambaya ko a Birnin Kudu ba a shiga Jira ba tukuna.

Malam Iliyasu ya saurare ta har ta kai aya. Bai yi dariya ba, ko da yake an ga alamar ya sha wuya kafin ya danne ta. Ya ce abin da coci ya nema a wannan lokaci shi ne a yawaita addu'a, a tuba, a shirya da wanda aka ɓata da shi, a bar nama ranar Juma'a kamar kullum. Maganar barin nama har Kirsimeti da zaman ƙofa kuwa, shi dai bai taɓa gani a ko'ina ba.

"Abin da Baba Manu ya kafa ba laifi ba ne, Inna," ya ce. "Amma nasa ne, ba na coci ba. Ki ci naman yayanki. In kina so ma, in zo ranar Lahadi in yi wa jama'a bayani."

"Kada ka zo, Malam," ta ce. "Manu ba ya nan da zai ba ka amsa."

Ta fito da nauyin da ya fi wanda ta shiga da shi. Ta je neman a buɗe mata ƙofa, an ce mata ai babu katangar ma. A cikin mota, tana matse tsakanin buhun gishiri da wata mai kaji, ta yi ta tuna waɗanda ta zaunar a bakin ƙofa, Azumi ce ta fi tsaya mata. In ta koma ta ce dokar ba ta coci ba ce, kowa zai ce sai da ragon yayanta ya zo sannan ta gano haka, kuma ba ƙarya suka yi ba. Ga sunan Manu, wanda ya yi ta ɗaukar ƙasa a ka yana gina cocin lokacin da ake yi masa dariya. Ta yanke cewa maganar za ta mutu a cikinta. Kyandir dai ta saya, ta kuma sayi sabon kofi na tangaran, ta naɗe shi a tsumma ta ɓoye a ƙasan akwati, don in Datti ya zo ya samu abin shan ruwan da ba a taɓa zuba wa komai ba.

Ranar Sallah iska ta kawo musu ƙamshin babbaka daga ƙauyukan maƙwabta, 'yan Gidan Manu suka yi ta haɗiyar yawu suna shan miyar kuka da daddawa. Datti bai zo ba. Washegari ma, ranar rabon nama, bai zo ba. Mero ta share ƙofar gida, ta sake sharewa, ta rasa ko ta yi murna ko ta yi kuka. Da ta tambayi zuciyarta sosai, sai ta tarar rashin zuwansa ya fi zuwansa ba ta tsoro.

Sai ranar Lahadi, an kunna kyandir na uku ana cikin addu'ar jama'a, aka ji ƙarar keke a waje. Ba wanda ya waiwaya a fili, amma kowa ya gani. Abdulsalami ne, cikin sabuwar farar riga, ya jingine kekensa a jikin tsamiya, ya kwance wani kwano da aka ɗaure da ƙyalle, ya zauna a kan saiwa yana jan carbi. Ɗanbala ya ja addu'ar da sauri fiye da yadda ya saba. Da aka tashi, mutanen da kullum suke rige-rigen tafiya gida duk suka samu abin yi a ƙofar coci. Wannan tana gyara goyo, wancan yana neman takalminsa da ke ƙafarsa.

Mero ta je ta durƙusa. "Sannu da zuwa, Yaya."

Suka gaisa, ta yi masa barka da Sallah, ta tambayi Batulu da yara. Ta ce su ƙarasa gida, ya ce nan ma inuwa ce. Aka kawo tabarma. Ya kwance ƙyallen ya buɗe kwanon, ga nama nan soyayye, ya yi baƙi-baƙi yana ƙyalli, ƙamshinsa ya cika gindin tsamiya. Sai ya gyara zama ya soma jawabi irin na tsofaffi, daga can nesa: yadda yaron ya samu aikin, yadda ragon ya iso a bayan tifa, yadda shi da kansa ya kayar da shi ya yanka bayan liman ya yanka nasa. Mero ba ta jin rabin abin da yake faɗa. Tana kallon hannunsa a gefen kwanon, hannun ya tsufa, jijiyoyi sun fito, irin na ubansu sak. Ta san in ta jira ya kai ƙarshe, ƙarfin halin da ta tara zai zube.

Ta miƙa hannu ta ɗauki tsoka ta jefa a baki.

Da naman mai laushi ne da an wuce wurin nan take, amma an soya shi har ya bushe kamar icce, haƙoran Mero kuwa sun yi saura kaɗan. Ta tauna ta wannan gefe, ta mayar wancan, duk coci yana tsaye yana kallon muƙamuƙinta.

Abdulsalami ya bar bakinsa a buɗe. Can ya ce, "Mero, me kika yi haka? Ai na san dokarku. Duk Gwaram wa bai san dokar Manu ba? Shi ya sa na makara, na sa Batulu ta soya shi ƙarau don ya kai sallarku. Cewa zan yi ki ajiye, ranar ki dafa in zo mu ci, tun da yankan hannuna ne."

Tofarwa ba ta yiwuwa, haɗiyewa ma da ƙyar. Ta haɗiye. Kunya ta rufe ta tun daga ka har ƙafa, amma a ƙarƙashin kunyar akwai wani daɗi da ya kusa sa ta kuka, don ta ji abin da ya ce, in zo mu ci.

Azumi ce ta fara magana, daga bayan mata, da murya mai ladabi ƙwarai.

"Inna, gishirin ya ji?"

Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka toshe baki. Mero ta juya ta dube ta, ta ce ya ji. Maganar Malam Iliyasu tana kan harshenta, kalma kaɗan za ta faɗa ta wanke kanta. Ba ta faɗa ba. Ta ce wa Ɗanbala ranar Kirsimeti a shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙofa. Ɗanbala ya soma kame-kame, wai ai sha'anin baƙo daban ne, wai ba da gangan ba ne. Ta ce da gangan ne, kuma dokar da ba ta san ɗanɗano ba ba za ta san baƙo ba.

Abdulsalami ya dubi ƙanwarsa, ya dubi mutanen, ya dubi ƙofar cocin. Mai awo ne, ya san nauyin abu in ya gan shi. Ya jawo kwanon ya ajiye shi tsakaninsu, ya yi bismillah, ya ɗauki tsoka ya ci. Shi ma naman bai raga masa ba, ya yi ta fama har tari ya sarƙe shi, ya ce a ba shi ruwa.

Mero ta tashi ta nufi gida da saurin da aka daɗe ba a ga ta yi ba. Ta dawo da tulu a hannu ɗaya, sabon kofi a ɗayan, tana warware tsumman a hanya don ya ga sabo ne. Ya dubi kofin, ya dubi ƙwaryar da ke kife a bakin tulun, tsohuwa ce har an ɗinke ta a gefe.

"Wannan na baƙi ne," ya ce. "Zuba min a ƙwaryarki."

Ta zuba ta miƙa masa. Ba bakinsa take kallo ba, hancinsa take kallo. Bai shinshina ba. Ya sha, ya huta, ya ƙara sha, ya miƙo mata ƙwaryar ya ce ta rufe naman da kyau saboda kyanwa, ya hau kekensa ya tafi.

Ranar Kirsimeti aka sauke ganga daga bango. Fada ya zo a motarsa tare da Malam Iliyasu, wanda ya ga Mero zaune a bakin ƙofa ya buɗe baki zai yi magana, ta yi masa kallo ɗaya ya rufe. Ita ce ta ƙarshe da ta zauna a wurin, don da shekara ta zagayo ba ta miƙe ta tuna wa kowa doka ba, wani kuma bai miƙe a madadinta ba. Amma ranar ta zauna, tun daga waƙar farko. Aka yi layin karɓar Jibi ba ita, abin ya yi mata zafi yadda ya yi wa waɗanda ta zaunar. Azumi ta karɓo nata, ta biyo ta gefen ƙofa, ta tsaya kamar za ta ce wani abu, sai ta gyara wa Mero gefen tabarmar da ya naɗe ta wuce.

Duk cikin cocin daga bakin ƙofa ne kaɗai ake hango hanyar Gwaram, Mero ba ta taɓa sani ba sai ranar. Tukunyar tana kan wuta tun safe, naman ya yi laushi daidai haƙoran tsofaffi biyu. Ana cikin addu'ar ƙarshe ta hango farar riga a kan keke tana gangarowa daga wajen rafi, ita ta riga kowa gani.